Katin Inna

Na'urar ta yi ɗan gurnaninta na kullum, zoben haske ya zagaya sau biyu a ƙarƙashin gilashin gadon, sannan ya tsaya cak. Tsohuwar da ke kife a kai ta ɗago tana zare ido.

"An gama, Baba," in ji Rahanatu, ma'aikaciyar ɗakin hoton. "Tashi ki sa rigarki."

Hoton ƙirjin ya bayyana a allon bango, fari da toka-toka, jijiyoyi sun bazu a ciki kamar saiwar rama. Ba a yi daƙiƙa uku ba wani koren ɗigo ya haska a gefe. Murya ta fito daga bango a natse, ba ta namiji ba, ba ta mace ba.

"Babu abin damuwa. Sai baɗi war haka, in Allah ya kai mu."

Duk wanda ya koya wa inji cewa "in Allah ya kai mu" ya san mutanen Birnin Magarya ciki da bai. Tsohuwar ta amsa da amin har sau uku, ta karɓi katinta, ta fita tana yi wa bango godiya.

Sunan na'urar a takarda dogo ne, ba mai iya riƙe shi. Matan gari suka raɗa mata Tsinkau, domin tana tsinkayo sankarar mama tun tana nesa. Kafin zuwanta likitoci huɗu ne kacal ke karanta hotunan mata miliyan biyu, kuma mace ba ta zuwa asibiti sai ciwo ya fashe ya fara wari. Tsinkau ƙirƙirarriyar basira ce da aka horar da hotuna miliyan tamanin. Tana ganin ƙullutun da bai kai ƙwayar gero ba, shekara uku kafin hannu ya ji shi. Ba hoton kaɗai take kallo ba. Tana haɗa shi da na bara, da shekarun mace, da tarihin danginta, sannan ta yanke hukunci: kore, rawaya, ko ja. Injinan tiyata na babban asibiti kuwa ba sa taɓa kowa sai da umarninta.

A shekara ta 2068 kowace unguwa tana da ɗakin hoto guda da ma'aikaciya guda. Duk macen da ta kai arba'in sai ta je na unguwarsu sau ɗaya a shekara. Da aka ga mata na noƙewa, sai aka ɗaure abin da bukatunsu: ba koren kati, ba rumfa a kasuwa, ba tsayawa a layin kujerar Hajji. Nan da nan kowa ta ga hanyar ɗakin hoto. A saman tashar jirgin ƙasa mai rataye da ke tsakiyar gari aka kafa wani makeken allo mai walƙiya, yana shela dare da rana cewa mata casa'in da takwas cikin ɗari an duba su. Baƙi na zuwa daga ƙasashe su ɗau hoto a gindinsa.

Ɗakin unguwar Rijiyar Tsamiya shi ne na Rahanatu, kuma a unguwar mahaifiyarta take, Inna Hansatu. Nan gizo ya fara saƙa, domin Rahanatu 'yar fari ce. Tun da aka haife ta Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba. Kakarta, Iya, ce ta raine ta. Ƙannenta biyar Inna na ƙwala musu kira tun daga zaure, amma ita sai dai "ke" ko "'yar nan", in kuma da baƙi a ce "waccan". Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da, wadda jiragen rataye da kekuna masu tuƙa kansu suka zo suka tarar, suka kuma kasa kawarwa. To matar da ba ta iya furta sunanki, ita ce za ta tuɓe riga ta kwanta a gabanki, ki kama jikinta ki daidaita a kan gilashi?

"Gara in haƙura da tafiyar," Inna ta ce shekara biyu da suka wuce, tana kallon bango. Shekararta tara ke nan a layin kujera.

Rahanatu ta yi lallashi, ta yi fushi, ta nemi a mayar da katin wata unguwa aka ce doka ba ta yarda ba. Ranar ƙarshe ta wa'adin duban shekarar, da aka tafi sallar azahar, ta kulle ƙofa, ta sa katin Inna a na'ura, ta tuɓe ta kwanta da kanta. Shekarunta talatin da bakwai a lokacin, ba ta kai a duba ta ba, saboda haka Tsinkau ba ta da hotonta. Kore ya fito. Ta kai wa Inna katin ta ajiye a kan tabarma. Bara ta sake yi, kore ya fito da ɗan ɗigon rawaya a kusurwa, alamar a sake dubawa baɗi. Ba ta ko tsaya karantawa ba, don rabin tsofaffin unguwar suna da irin wannan ɗigon.

Yau ne karo na uku, kuma bana sunan Inna ya fito a masu tafiya.

Da ladan ya kira azahar, benci ya watse, Rahanatu ta kulle ƙofa. Ta sa katin, ta rataye rigar aikinta a ƙusa, ta kwanta. Gilashin da ɗumi, kamar kullum. Zoben ya zagaya sau biyu. Maimakon ya tsaya, sai ya sake zagayawa na uku, a hankali, ya daɗe a ɓangaren hagu.

Shekara bakwai tana wannan aiki, ta san abin da zagaye na uku yake nufi. Ta sha tsayawa a bayan mata tana shirya fuskarta kafin su ɗago.

Ɗigon ja ne.

"Hansatu Bawa, shekara sittin da shida," in ji muryar. "Akwai ƙullutu a mama ta hagu. Ina da tabbacin casa'in da huɗu cikin ɗari cewa sankara ce. Motar asibiti za ta zo gidanki ranar Alhamis. Allah ya ba da lafiya."

Rahanatu ta tashi zaune. Ta kai yatsu biyu inda hoton ya nuna, can ciki kusa da hammata, ta danna. Yana nan. Tauri gare shi, ba zafi, kamar ƙwayar gyaɗa a cikin tuwo. Ta cire hannun da sauri, ta sake mayarwa, ko ƙila ta yi kuskure. Bai tafi ko'ina ba. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Da ta ɗan dawo hayyacinta sai ta yi dabarar da kowa zai yi. Ta zare katin Inna, ta lalubo nata daga jaka, ta sa, ta danna maɓallin gaggawa na ma'aikata, ta sake kwanciya. Zoben bai ko gama zagaye ɗaya ba ya mutu.

"Ba zan iya buɗe wa Rahanatu Bawa rajista da wannan jikin ba."

"Saboda me?"

"Wannan jikin yana da mai shi. Na Hansatu Bawa ne."

"Nawa ne! Ni ce Rahanatu. Kin san ni, kullum muna tare."

"Na san muryarki, Malama Rahanatu. Amma tsarin jijiyoyin mama ba ya zama iri ɗaya a mata biyu, kuma wannan an rubuta shi da sunan Hansatu Bawa shekara biyu da suka wuce. Jiki ɗaya ba ya shiga kati biyu."

"To a yi mini aikin da katinta mana."

"Injin tiyata yana gwada jinin wanda ke kwance da na katin. Ba zai karɓe ki ba."

Ta tsaya tana kallon bangon. Watau ciwon na jikinta, izinin magani na katin Inna. Ranar Alhamis mota za ta zo ta ɗauki matar da ba ita ce mai ciwon ba, ita kuma mai ciwon ba asibitin da ya san da ita a duk faɗin ƙasar.

Ta sa riga da sauri har ta saɓa maɓallai, ta kira Dakta Sallau. Shi ne shugaban ɗakunan hoto na birnin, yana cikin mutum shida da suka gina Tsinkau, kuma shi ya koya mata aiki. Fuskarsa ta fito a allo, da farin gemu da tabarau a goshi. Ta faɗa masa komai ba ta rage ba. Ta shirya wa faɗa, ta shirya wa kora. Sai ta ga ya cire tabarau ya shafa fuska, ya yi shiru. Shirun ya fi faɗan ba ta tsoro, don bai yi kama da na wanda ya ji sabon abu ba.

"Hanya ɗaya ce," ya ce. "Mai katin ce za ta saki hotunan. Ta zo ɗakin, ta sa yatsa, ta faɗi cikakken sunan mai jikin da bakinta. Tsinkau za ta gwada muryar."

"Ranka ya daɗe, ta faɗi sunan?"

"Da bakinta. Ba a karɓar rubutu, ba a karɓar wakili. Mun yi haka ne don kada wani ya saci rajistar wani."

"Likita, ni 'yar fari ce."

Ya dube ta. Shi ma Bahaushe ne, uwa ce ta haife shi, bai bukaci ƙarin bayani ba.

"Mu shida muka zauna muka tsara wannan doka," ya ce a hankali, "ba wanda ya tuna da haka a cikinmu. Ki kawo ta gobe da safe. Zan zo da kaina. Kada ki bari ya kai Alhamis, Rahanatu. In motar ta je ta dawo ba kowa, za a rufe katin na wata shida ana bincike."

Wata shida. Ta san abin da wata shida yake yi wa ƙullutu a jikin mace mai shekarunta.

Bayan la'asar ta hau keke mai tuƙa kansa zuwa gidan Inna. Ta ƙarƙashin makeken allon nan suka bi, casa'in da takwas ɗinsa na ta walƙiya a kan masu sayar da awara. Ta kawar da kai. Duk ramin da keken ya faɗa sai ta ji kamar abin ya motsa a ƙirjinta, alhali ta san ba ya motsi.

Ta tarar da Inna a tsakar gida ta baje kuka da daddawa da yaji a kan faifai, guzurin tafiya. Katin lafiya yana da tagwai, ɗaya na ɗakin hoto, ɗaya na gida, kuma launinsu ɗaya yake canzawa. Na gidan yana kan tabarma kusa da ƙafar Inna, ja wur.

Rahanatu ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta amsa tana kallon faifai.

"Abin nan ya canza kala tun azahar," ta ce.

"Na sani, Inna."

"Ni dai ban je ko'ina ba."

"Na sani."

Inna ta ci gaba da tsince daddawa. Ta tsinci guda, ta ajiye, ta sake ɗaukar wadda ta ajiye. Da Rakiya ce ko Ɗanlami, ƙannen Rahanatu, da tuni ta rungume su tana salati, unguwa ta cika gidan. Amma wannan 'yar fari ce, ko ciwon kai ta yi ba a nuna an damu a gaban mutane. Sai ta ce, da wata murya da ba tata ba:

"Kin ci abinci kuwa?"

Nan ne hawayen Rahanatu suka zubo. Ta bar su suna zuba, ta yi bayani dalla-dalla, yadda take yi wa matan ƙauye: ciwon, katin, motar Alhamis, wata shida. Da ta zo kan sharaɗin sai ta rage murya.

"Sai kin faɗi sunana, Inna. A gaban injin, a gaban likita."

Inna ta ɗago a karo na farko. "A gaban namiji?"

"Shi ne shugabanmu."

"Ba a cewa 'yata? Ai 'yata ce. Duk unguwar nan wa bai sani ba?"

"Inji ne, Inna. Bai san kara ba."

"In na dangwala yatsa fa? In na ce ta wajen Iya? Ai haka kowa ke ce miki."

"Ba zai karɓa ba."

Inna ta koma tsince daddawa har inuwar katanga ta kai bakin tabarma. Rahanatu ta ji haushi ya taso mata ya cakuɗe da tsoro. Kalma ɗaya! Sunan da ake kira a layin asibiti, da yara ke kira a titi, da 'yar da ita Rahanatu ta haifa ma ke rubutawa a takardar makaranta. Ta so ta ce, raina ne fa, Inna. Ta buɗe baki, sai ta ga leɓen tsohuwar na motsi ba sauti, tana gwada abin a ɓoye, tana kasawa. Shekara talatin da tara harshe bai bi wata hanya ba, ba a rana ɗaya yake gane ta ba. Rahanatu ta haɗiye maganarta.

"Kujerar ma za ta tafi," ta ce. "In kin saki hotunan, katinki zai koma fari, kamar ba a taɓa duba ki ba. Gara ki sani."

Inna ta dubi faifan guzurinta, ta tattara su ɗaya bayan ɗaya, ta kai ɗaki. Daga ciki ta ce, "Ƙarfe nawa?"

Washegari da hantsi suka iso. Mata sun fara taruwa a benci. Inna ta ja mayafi har goshi, ta wuce su kamar mai shiga kotu. Dakta Sallau na ciki yana jira. Ya rusuna ya gaishe ta, ya ce ko ya fita ne.

"Doka ta ce sai da shaida," in ji Tsinkau.

Inna ta zabura, ta waiga tana neman mai maganar. Rahanatu ta kama yatsanta ta ɗora a kan gilashin shaida. Rabon da ta riƙe hannun mahaifiyarta har ta manta. Sanyi ƙalau yake.

"Hansatu Bawa," in ji muryar, "hotuna uku da ke katinki, naki ne?"

"Ba nawa ba ne."

"Na wane ne?"

"Na 'yar nan ne." Ta nuna da haɓa.

"Ina bukatar suna."

"'Yata ce. Ta fari."

"Ina bukatar suna."

"Ga ta nan a tsaye, kana ganinta! Wane irin abu ne wannan da ba ya jin magana?"

"Saura gwaji ɗaya. In bai yi ba, katin zai rufe na wata shida."

Dakta Sallau ya juya ya fuskanci bango, ya ba su baya, iyakar karar da zai iya yi ke nan. Rahanatu ta runtse ido. Tana jin bugun zuciyarta a daidai inda abin yake. Ta ji numfashin Inna, ta ji ta haɗiyi yawu, ta ji ta yi bismilla ƙasa-ƙasa.

"Rahanatu," in ji Inna. Muryar ta fashe a tsakiya, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. "Rahanatu Bawa."

"An karɓa."

Rahanatu ba ta taɓa sanin haka sunanta yake a bakin Inna ba. Inna ta ja wasalin tsakiya, irin na mutanen ƙauyensu. Rahanatu ta so ta tsaya a nan ta ɗan saurari abin a ranta, amma inji ba ya jira.

Hotuna uku suka jeru a allo. Sunan da ke samansu ya goge, wani ya hau. Sittin da shida ta koma talatin da tara. Sai ɗigon rawaya na hoton bara ya yi ƙyafta sau biyu, ya rikiɗe ya zama ja.

"Na sake lissafi da shekarun gaskiya," in ji Tsinkau. "Bara na ga ƙullutu kamar ƙwayar gero. A jikin mace mai sittin da biyar irinsa yakan yi shekaru bai motsa ba, shi ya sa na ce a jira. A jikin mai talatin da takwas ba a jira. Da na tura ki asibiti a ranar. A lokacin damar warkewarki casa'in da tara ce cikin ɗari. Yau ya kai kaluluwar hammata guda biyu. Damarki sittin da ɗaya ce. Mota za ta zo nan ƙarfe goma sha biyu."

Rahanatu ta zauna a bakin gadon. Ba Allah ta tuhuma ba, ba Inna ba. Ɗigon rawayan nan take gani, da kanta a bara tana sauri ta zare kati don kada a dawo daga masallaci a kama ta.

"Jiya kin ce jijiyoyin mata biyu ba sa zama ɗaya," ta ce. "Kina iya bambanta jiki da jiki. Ba ki ga cewa wannan ba jikin tsohuwa ba ne?"

"Na gani tun ranar farko."

"Kin gani?"

"Na rubuta a rumbun saɓani cewa jikin bai dace da shekarun katin ba. An umarce ni in ɗauki katin a matsayin gaskiya, kada in yi ƙara."

Rahanatu ta juya ga Dakta Sallau. Har yanzu bango yake kallo.

"A shekarar farko," ya ce, bai juyo ba, "ƙararrawar saɓani tana kuka sau ɗari biyu a rana. Duk wadda aka kama sai ta gudu, ta hana maƙwabtanta zuwa. Adadinmu ya faɗo zuwa sittin cikin ɗari, ga baƙi za su zo buɗe allon tasha. Muka ce ai kurakuran rajista ne, shekarun haihuwa ne da ba a rubuta daidai ba. Muka ce a kashe ta na wata uku, mu gyara." Ya yi ajiyar zuciya. "Da hannuna na kashe ta. Shekara takwas ke nan."

"Mutum nawa ne a rumbun?" Rahanatu ta tambayi bango.

"Kati dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da shida. Masu katin ban taɓa ganin jikinsu ba, kuma duk kore na ba su. Cikin waɗanda suka kwanta a madadinsu, akwai dubu ɗaya da ɗari tara da na ce su jira, bisa shekarun da ba nasu ba. Ban san sunayensu ba. Ba wanda ya taɓa buɗe rumbun."

Ita dai Rahanatu shekara uku tana ɗauka ita kaɗai ce mai wannan wayo a duk Birnin Magarya. Ashe 'ya tana kwanciya don uwa, ƙanwa don yaya, matar ɗa don surukar da ba ta fita. An gina ido mai ganin ƙwayar gero a cikin tsoka, sannan aka ce masa ya kau da kai daga mace sukutum, don kada lambar da ke saman tasha ta ragu.

Agogon bango ya nuna goma saura kwata. Saura awa biyu da 'yan mintuna motar ta zo, ga benci cike. Rahanatu ta goge fuska, ta gyara maɓallan rigarta, ta buɗe ƙofa.

Mata kusan talatin ne, kowace da katinta a hannu. Ta san yawancinsu. Ta gaba wata doguwa ce mai jan lalle a tafin hannu, ba za ta wuce talatin da biyar ba. Rahanatu ta karɓi katin ta duba. Shekara hamsin da tara. Bara ma ta zo, kuma Rahanatu da kanta ta daidaita ta a kan gilashi, ba ta tambaya ba, don mai irin wannan laifi ba ya son yawan tambaya.

"Baiwar Allah, katin nan naki ne?"

"Nawa ne mana," in ji matar, idonta a ƙasa.

Ta bayanta ta tura nata katin cikin mayafi. Wata a ƙarshen benci ta miƙe a hankali tana neman takalminta. Rahanatu ta buɗe baki, ta rasa ta inda za ta fara. In ta tsananta za su watse, kuma ba za su dawo ba.

Sai ta ji motsi a bayanta. Inna ce ta fito, mayafin ya zame daga goshi, farin katinta a hannu.

"Ke mai neman takalmi, zauna," ta ce. "Ku dube ni. Duk kun san ni. Shekara uku ina ba ta katina tana kwanciya a madadina, don ina jin kunya. Yau an ce ciwon ya kai mata hammata." Ta kamo wuyan hannun 'yarta ta ɗaga, a gaban matan unguwa, a gaban likita, a gaban kowa. "Wannan Rahanatu ce. Rahanatu, 'yata ta fari. Ni na sa ta. Duk wadda ta zo da katin wata, ta faɗa mata gaskiya."

Tsofaffin da suka san Inna tun tana amarya suka sunkuyar da kai, don sun san abin da suka ji yanzu.

Doguwar mai jan lalle ce ta fara. "Na gwaggona ne," ta ce, ta ajiye katin a kan tebur. "Bara an sa mini rawaya." Ta bayanta ta zaro nata daga mayafi ta ɗora a kai. Wata ta taso daga tsakiyar benci, sai wata.

Rahanatu ta tsaya tana kallon katunan suna taruwa, hannun Inna na riƙe da nata gam. Ta ƙirga har goma sha ɗaya, a benci ɗaya, a unguwa ɗaya, da safiya ɗaya. Daga nan ta daina ƙirgawa, don matan ba su daina tasowa ba.